Bazarar da Kunnen Ta Iya Ya Mutu

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Wanda Allah ya bar wa biyu, ya ba ni duka biyun, don abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, ba wanda zai rikiɗa ya zama tsuntsu a ƙarshensa. Sunana Rabi. Ban yi boko ba. Jikata Ummi ke riƙe da biro, ni ke da baki. Ta ce kada in sa nata labarin a ciki, na ce sai an sa, don daga nata aka fara.

Bana ruwa ya makara. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Bangon ɗaki kansa huci yake yi, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta. A cikin wannan zafin ne, wata Laraba, Ummi ta dawo daga makaranta da hijabinta a hannu, ba a kai ba. An yi rubutu da biro a bayansa. Na ce ta karanta mini. Ta ce, "'Yar kurma." Gwiwoyinta duka biyu sun saɓule, har da ƙananan tsakuwa a cikin ciwon. Uwarta na zaune tana tsince waken suya. Ta ɗago ido sau ɗaya, ta ga gwiwoyin, ta mayar da kai kan faranti. Ummi ce 'yarta ta fari.

Wannan mayar da kan na san shi. Ni na koya mata.

A ƙauyenmu, can ƙasar Baure, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. In ya faɗi, wata ke ɗaga shi. Kara ke nan, da ita ake gane 'yar mutunci. Kuma yaron ba ya cutuwa, don ɗan fari na kaka ne. Tawa 'yar, ranar da aka yaye ta surukata Iya Dije ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, shi ya sa nake ce mata Ta Iya. Iya Dije kuwa mace ce wadda in aka taɓa jikarta sai ta ja ɗamara ta bi gida gida har sai ta samo wanda ya yi.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, gero ya ƙi. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Mai gida ya ce mu shiga Daura, shi ya yi leburancin gini, ni in yi daddawa, in damina ta faɗi ya riƙa komawa gona. Ta Iya ta gama firamare a lokacin, malamai suna ta yabon kanta. Iya Dije da bakinta ta ce, "Ku tafi da ita birni ta yi karatu. Ni ƙafata ba ta iya birni, zan tsare gida da awaki." Haka yarinyar ta dawo ɗakina karo na farko tun yaye. Shekararta goma sha uku, ban san ko wace miya ta fi so ba.

Ɗaki guda muka kama a gidan haya na Hajiya Kande, cikin tsohon gari, tafiya kaɗan daga Kusugu. Mata biyar muke tsakar gida ɗaya. A ɗakin nan guda muke kwana, a ciki buhun kalwa yake, a ciki kwandon daddawa yake, a ciki kuma kayan makarantar Ta Iya suke rataye a ƙusa.

Wanda bai taɓa yin daddawa ba, ya sani aiki ne na kwana da kwanaki. Da asuba nake hura wuta in ɗora kalwa, ta yini tana tafasa, ina ƙara ruwa ina ƙara ice. Washegari a zuba a turmi da toka a surfe, a wanke ɓawon, a sake dafawa. Sannan a juye a kwando, a rufe da buhu, a kai lungun ɗaki ta kwana uku tana ruɓa. A nan warin yake. Yana shiga zani, yana shiga gashi, yana shiga tabarma. Mu da muke ciki hancinmu ya daina jin sa tuntuni. Ni a wajena ƙamshin abinci ne ma, don in kwando ya yi wari, za a ci tuwo ke nan.

Da bazara ta kama sai komai ya tsaya. Famfon unguwa ya ƙafe, sai 'yan ga-ruwa, su ma sai ka bi su da magiya. Masu gini suka daina gini, ba ruwan kwaɓa ƙasa. Kalwa ta yi tsada har a kasuwar Mai'adua. Da safe garin ɗorawa muke damawa da ruwa mu sha, bakin kowa ya yi rawaya, cikin kowa ya kumbura kamar ya ƙoshi alhali bai ƙoshi ba. Da rana ba a ɗora tukunya. Da magariba tuwon dusa, miyar kuka tsalala, daddawa ce kaɗai a wadace. Ruwan da na wanke kalwa da shi, da shi ake wanke kwano, da shi ake yayyafa wa ɗaki don ya yi sanyi. Rana in ta take, ƙadangare ma sai ya nemi gindin randa.

Abin da ke faruwa a makaranta ban sani ba a lokacin. Daga baya na ji, ina tsaye bayan labulen asibiti, tana gaya wa kakarta. Ba ni ta gaya wa ba.

Makarantar gwamnati ce ta 'yan mata, ta jeka-ka-dawo. Aji cike maƙil, wadda ba ta samu benci ba ta zauna a ƙasa. Akwai wata Jamila, 'yar aji uku, an ba ta shugabancin tsafta, tana yawo da tsumagiya da ƙawayenta biyu. Ranar farko da Ta Iya ta wuce ta gabansu Jamila ta toshe hanci ta ce, "Wai wa ya buɗe tukunya?" Daga ranar sunanta ya zama Daddawa. In ta doso aji sai a ɗauka da murya ɗaya, "A buɗe taga, miya ta iso!" Ba mai yarda ta zauna kusa da ita, sai bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Ita ke ɗebo wa manya ruwa daga rijiyar burtsatse. Ita ke wanke bayan gida, wai hancinta ya riga ya saba. Ɗan garin ɗorawar da nake ƙulla mata a leda, suka kwance shi suka barbaɗa mata a kai, suka ce ga amaryar ƙauye an yi mata hoda.

Ni abin da na gani shi ne, ta fara rataye kayan makarantarta a waje, kan katanga. Na ce, "Ke, ɓarawo kike yi wa talla?" Ta mayar da su ɗaki. Na ga sabulun wanki yana raguwa, na ɓoye shi. Wata rana na kama ta tana goga ɓawon lemo a hijabi, na ce, "Iyayi. Da wannan warin kike ci, da shi aka saya miki hijabin." Ta ajiye ɓawon. Ita dama ba mai magana ba ce da ni, ni ma haka, mun ɗauka zaman lafiya muke yi.

Sau ɗaya ta zo da bakinta. Ranar surfe ce, matan gida suna taya ni, taɓarya uku a turmi ɗaya, Lantana mai ɗakin kusa da mu tana ba da waƙa. Ta Iya ta shigo ta tsaya a kaina da jakarta, ba ta ko ajiye ba.

"Inna, ina son in gaya miki wata magana."

Lantana ta tsayar da taɓarya. "A'a! Yau kuma 'yar fari da uwa za a yi zance? Ku tashi mu ba su wuri, kada mu ga abin da ido bai saba ba."

Aka kwashe da dariya. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ban ko dube ta ba na ce, "Je ki ɗebo toka."

Ta ajiye jakar. Sannan ta je ta ɗebo.

Hajiya Kande tana daga inuwa ta ce, "Kai, Rabi akwai kara. Matan yanzu sai ka ga suna lasar 'ya'yan fari kamar akuya." Ummi, rubuta wannan da kyau: na ji daɗi. Ni baƙauyiya a gidan 'yan birni, yau ga abin da na fi su. Na yini ina jin daɗin maganar nan. Ban tuna ba ko sau ɗaya cewa a ƙauye in na ce je ki, akwai ɗakin da za ta je. A nan kuwa ba ɗakin Iya. Ni kaɗai ce.

Ruwan farko ya sauka da tsakiyar wata, ɗan kaɗan, ya dai jiƙa ƙasa. Mai gida ya ɗauki sungumi ya tafi ƙauye shuka. Bayan tafiyarsa da kwana huɗu Ta Iya ta kawo takarda daga wata malamarsu, Malama Hadiza, wadda ta same ta tana kuka a bayan aji. Lantana ta karanta mini: a zo makaranta gobe, uwa ko uba.

"Za ki je?" in ji Lantana.

Na ce, "Ni? In ɗauki mayafi in ratsa gari saboda 'yar fari? Da wane idon? Ubanta ya dawo ya je."

Na soke takardar a jikin rufin ɗaki. Amma ubanta bai dawo ba, don ruwa ya ɗauke ƙafa. Kwana ashirin ba ɗigo. Shukar ta fito ta ƙone a tsaye. Aka fita roƙon ruwa, maza da yara, an juya riguna, muna jiyo su daga cikin gida. Mai gida ya aiko cewa yana neman iri don a sake shuka, ba zai iya barin gona ba.

Su Jamila sun san an kai ƙararsu, don malama ta yi musu faɗa. Suka yi kwana biyu suna ɗari-ɗari, suna jiran su ga wanda zai zo. Ba wanda ya zo. Rana ta uku suka tare Ta Iya a bayan bayan gida.

"Ke Daddawa, ina uwar taki? Ko ita ma warinki ya kore ta?"

Jamila ta cire takalminta ta kwaɗa mata a kunnen hagu. Ta Iya ta ce ta ji wani abu ya fashe a ciki, sannan duniya ta yi shiru ta wannan gefen. Ƙawayen suka danne ta, suka kwantar da kanta a ƙasa, suka ɗauko bokitin ruwan da aka wanke bayan gida da shi, suka tsiyaya mata a kunnen. Suna cewa, "Bari mu wanke ta har ciki."

Ta dawo gida ranar da ƙafarta. Ta ci tuwo. Washegari ta koma makaranta.

Abin da na gani a kwanakin nan shi ne ta daina cire hijabi, ko a wannan zafin, ko za ta kwanta. In na ce "ke" ba ta juyowa. In sake cewa "ke", shiru. Da yake ba na kiran sunanta, sai na ɗauka ta fara raina "ke" ɗin ne, birni ya shige ta. Rannan har na jefe ta da ludayi. Ta juyo a firgice tana dubana, ta juyo da dukan jikinta, ba da wuya kaɗai ba. Na gani, ban tambaya ba. Zazzaɓi ya zo, na dafa mata ganyen darbejiya na ce ta sha ta yi wanka. Kunnen yana ruɓa a ƙarƙashin hijabi kwana goma sha biyu, a ɗakin da kwandon daddawa ke ruɓa. Wari ya shige cikin wari. Ina kwance taku biyu daga ita, ban ji ba.

Sannan ruwa ya zo. Ranar Alhamis, da hantsi, aka yi shi kamar da bakin ƙwarya har la'asar. Yara suka fita tsirara, mata muka tara duk wani abu mai baki, randa da tukunya da kwano. Ƙasa ta yi ƙamshi. Lantana tana rawa a tsakar gida da zani a jiƙe. Ta Iya na ɗaki tana rawar ɗari.

Bayan an gama sake shuka mai gida ya dawo, kuma Iya Dije ta biyo shi, wai ta yi mafarki mara kyau. Ta shigo da sandarta da ƙullin rama a kai. Ƙafa ɗaya ta sa a ɗakin ta tsaya cak, ta buɗe hanci.

"Rabi, wannan ba warin daddawa ba ne. Wannan warin nama ne."

Ta kira yarinyar da sunanta. Ta sake kira da ƙarfi. Ta durƙusa ta kama hijabin za ta cire, ya ƙi fita, ya manne da kunnen. Sai da aka jiƙa shi da ruwan ɗumi. Abin da na gani a ƙarƙashinsa ba zan sa Ummi ta rubuta ba.

A asibiti likita ya leƙa da 'yar fitilarsa ya daɗe. Ya ce dodon kunnen ya fashe, ciwon ya ci ciki, na hagu ya tafi ke nan, na dama ma ya taɓu, za a yi ƙoƙari a tsare abin da ya rage. Ya dube mu ya ce, "Wace ce uwarta?" Na yi shiru, na saba. Iya Dije ta nuna ni da sanda. Ya ce, "Me kike jira duk kwanakin nan?"

A baranda Iya ta ce mini, a hankali, ba faɗa, "Kara muka koya miki, Rabi. Ba mu ce ki rufe ido ba." Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ita ta je makarantar, da ƙafar nan da ba ta iya birni. Aka yi wa Jamila bulala shida a gaban taro, aka kore ta mako biyu. Ta dawo ta ci gaba da karatunta. Ta Iya kuwa ko ƙofar ba ta sake bi ba. Da aka sallame ta ta bi kakarta ƙauye. Geron shekarar ya yi kyau a ƙarshe, har rumbu ya cika aka yi ɗauri a waje. Na ci tuwonsa, bai taɓa yi mini daɗi ba.

To, shi ya sa ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce na ɗauki mayafi da hijabin Ummi na bi ta makaranta. A hanya ta gaya mini sauran. Uwarta na soya awara a bakin titi kusa da makarantar, sai an ɗaga murya take jin mai saye. 'Yan aji uku suka sa Ummi ta durƙusa a kan tsakuwa da tsakar rana, ɗaya ta tsaya a bayanta tana kwaikwayo, "Iye? Na nawa kika ce?", ɗaya kuma tana ɗauka a waya. A zamanin Ta Iya abin da aka yi a bayan bayan gida a can yake tsayawa. Na Ummi kafin magariba ya zagaye unguwa uku.

Na shimfiɗa hijabin a kan teburin shugabar makaranta. Mace ce mai kirki, ga gajiya a idonta. Ta ce za ta kira iyayensu, za ta karɓe wayar. Ta ce, "Iya, ɗalibai sun yi mana yawa, ido ba ya kaiwa ko'ina."

Na ce, "To ni ba ni da aiki, 'yata. Zan taya ku gani."

Tun ranar nake zuwa da tabarmata da butata in zauna a gindin darbejiyar bakin ƙofa, daga shiga har tashi. Yaran sun sa mini suna Maigadi. Ummi ta ce ina kunyata ta. Na ce, "Ke da kunyarki ku ci gidanku, kishiya, ni kunya ta riga ta gama cin nawa." Ban ce abin ya ƙare ba. Jiya ma an ɓoye mata takalmi. Amma sun san akwai mai zuwa.

Ga yadda kowa ya ƙare. Iya Dije ta rasu shekara huɗu bayan wannan bazarar, kanta a cinyar jikarta. Mai gida ya bi ta da daɗewa, Allah ya jiƙansu. Malama Hadiza an yi mata canjin wurin aiki, ban sake jin ɗuriyarta ba, takardarta kuwa tana cikin adakata har yau, ta yi ja. Lantana na nan, haƙora sun zube, ba ta ma tuna ranar surfen ba. Jamila ta yi aure a gidan masu hali, na gan ta a wani biki da 'ya'yanta, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ba ta san ko ni wace ce ba. Ta Iya ta yi aure a ƙauye, mijin ya rasu, ta dawo Daura wajena da 'ya'yanta. Ba ta cin miyar da aka sa wa daddawa. Ni ma ban sake ɗora kalwa ba.

Ni kuwa, shekaranjiya da la'asar na same ta a tsakar gida tana tace waken suya, ta ba ni baya. Na matsa na tsaya a gefenta, na tattara duk ƙarfin da ya rage mini, na faɗi sunan. Ba ta motsa ba. Ummi na bakin ƙofa ta ce, "Kaka, ta hagu kika tsaya."

Na sani. Da gangan na tsaya.

Na zagaya ta dama. Na ce, "Zulai."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta juyo da dukan jikinta, yadda take yi tun shekarar nan, ta dube ni, fuskarta ta canza.

Ta ce, "Inna, wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa. Zo ki ga gwiwar 'yarki."